Yadda Ake Tatsar Mai da Duba Tsohon Ƙaramin Jirgin Sama Kafin Tashi

Injin jirgin da ruwa ya shiga tankinsa ba kasafai yake ƙin tashi a inda aka ajiye shi ba. Da zai ƙi, da an huta. Yakan tashi lafiya lau, ya kai ka bakin titin jirgi, ka ba shi wuta ya amsa, domin man da ke cikin kafireta da bututu mai kyau ne, kuma ya isa ya riƙe ƙaramin inji na 'yan mintoci. Sai wutsiya ta ɗaga, jirgi ya bar ƙasa, ruwan da ke kwance a wani lungu na tanki ya gangaro bakin bututu. A nan inji yake yin shiru, a lokacin da titi ya ƙare a bayanka, kai kuma ba ka yi nisa da ƙasa yadda za ka zaɓi wurin sauka ba.

Wannan bayani kan tatsar mai, wato zubo ɗan mai daga ƙasan tanki a duba ko akwai ruwa ko datti a ciki, na masu hulɗa da tsofaffin ƙananan jirage ne, irin su Piper J-3 Cub da aka ƙera daga 1938 zuwa 1947, da Aeronca Champ, da Taylorcraft, da Luscombe, da Cessna 120 da 140 da suka fito a 1946. Littafin jirginka shi ne gaba da duk abin da zan faɗa, in mun saɓa, shi za ka bi. Sai dai littattafan wancan zamani sirara ne, wasu 'yan shafuka ne kawai, sun bar abubuwa da yawa ba su faɗa ba.

Mataki na farko: fara daga kujerar matuƙi

Kafin ka taɓa komai, leƙa ciki ka ga makunnin maganeto, wato na'urar da ke ba fulogin inji wuta, a kashe yake, totur a rufe. Sa waigi gaba da bayan tayoyi. Sannan ka buɗe bawul ɗin mai, ka bar shi a buɗe har ka gama dubawa. Mutane da yawa suna mance wannan. In bawul a rufe yake, abin da za ka tatsa a ƙasan inji ɗan man da ya rage a kofi ne kawai, bai gaya maka komai game da tanki ba.

Ko da makunni a kashe yake, ka ɗauki farfela a matsayin mai rai. Maganeto ba ya buƙatar batir. Abin da ke kashe shi wata siririyar waya ce da ke kai wutarsa jikin jirgi, in ta tsinke, makunni zai nuna a kashe alhali ɗan juya farfela da hannu zai iya tada inji. Kofin tace mai kuwa yana kusa da farfelar, don haka ka shiga wurin ta baya, ka fita ta baya.

Mataki na biyu: murfin tanki da kafar iska

Hau ka buɗe murfi da hannunka. Ana yawan ɗora laifin ruwa a kan raɓar da ke taruwa cikin tankin da ba a cika ba, kuma gaskiya ne tana taruwa, amma kaɗan ce. Ruwan da ke kashe inji yawanci ta murfi yake shiga: ruwan sama ko na wankin jirgi. Dubi robar murfin. In ta tsattsage, ko ta sandare, ko ta lotsa, to ta daina aiki. Murfin da ya lotsa cikin fiffike ya fi haɗari, domin ruwa yana taruwa a kansa kamar a kwano, ya yi ta tsiyaya ciki dare da rana.

Ka saurara lokacin da kake buɗewa. In ka ji iska ta ja ciki, kafar iskar tanki ta toshe. Yawancin waɗannan jirage ba su da famfon mai, nauyin man ne kawai yake gangaro da shi zuwa inji, kuma ba zai gangaro ba sai iska na shiga ta maye gurbinsa. Zanzaro ba ya buƙatar fiye da yini guda ya cika wannan kafa da laka. Inji zai yi aiki na ɗan lokaci, sannan mai ya yanke alhali tanki a cike yake. Wasu murafan suna da ɗan lanƙwasasshen bututu a kai, wanda dole bakinsa ya fuskanci gaba. In aka juya shi baya, maimakon iska ta tura mai ƙasa, sai ta riƙa zuƙe shi waje.

Mataki na uku: auna mai da sanda

Ma'aunin man Cub waya ce da ta fito ta cikin murfi a gaban gilashi, da ɗan fulot, wato abin da ke yawo a saman mai, a ƙasanta. Waya takan lanƙwashe ta maƙale, ta nuna akwai mai bayan ya yi ƙasa. Fulot kuma yakan sha mai ya nitse. Ka samu sandar awo da aka yi wa alama domin wannan jirgin kansa, yana tsaye yadda ya saba tsayawa, wutsiya a ƙasa. Sandar wani jirgi ba za ta yi maka ba. Tankin Cub galan 12 na Amurka yake ci, wajen lita 45, injinsa Continental A-65 kuma yana shan kimanin galan 4 a awa. Dokar Amurka ta ce mai tashi da rana yana duban ƙasa da ido kada ya tashi sai da man da zai kai shi inda za shi, da ragowar man minti 30 a kai, da dare kuma minti 45. Ni dai a ƙaramin tanki irin wannan na fi son a bar awa guda.

In yanzu aka zuba mai, kada ka tatsa nan take. Zubawar tana dama ruwa da datti su gauraye da mai. Abin da aka saba bi shi ne a jira minti 15 ga kowane santimita 30 na zurfin mai a tanki. Yi amfani da wannan lokaci ka duba sauran jirgin, ka dawo.

Mataki na huɗu: tatsar tankuna

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin sa da ka. Lita ɗaya ta man jirgi tana da nauyin kusan giram 720, ta ruwa kuwa kilo ɗaya, shi ya sa ruwa yake kwanciya a ƙasa. To amma ina ne ƙasan? Bawul ɗin tatsa yana fitar da abin da ke kansa ne kawai. Jirgi mai tayar wutsiya yana tsaye ne hancinsa sama, don haka ruwa yana komawa ƙarshen tanki ta baya. In bawul a can yake, madalla. In kuwa an sa shi a inda ya zama ƙasa lokacin da jirgi ya miƙe a sama, kana iya tatsar kwalba uku na mai garau, ruwa na zaune a gefe bai motsa ba. Haka in filin ya karkace, fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ruwa zai gudu zuwa ƙarshen da babu bawul.

Don haka wajibi ne ka san inda bawul ɗin jirginka yake a jikin tanki, ka tambayi injiniyan da ke duba shi ya nuna maka. Ka tsayar da jirgi a shimfiɗaɗɗen wuri. In irin jirginka yana buƙatar a ɗaga wutsiya kafin ruwa ya iso bawul, ku yi ku biyu, da waigi a tayoyi, a ɗora ta a kan abin da zai riƙe ta. Kada a ɗaga ta wuce daidai, domin waɗannan jirage ba su da wuyar kifewa da hanci.

Jirage masu tankin roba a cikin fiffike suna da nasu ciwon. Roba in ta tsufa tana tattarewa a ƙasa, ruwa ya maƙale a bayan kowace tattara. Abin ya kai ga a 1984 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da umarni kan wasu jiragen Cessna irin su 180 da 182 da 206, inda aka shigo da girgiza fikafikai da sauke wutsiya a sake tatsa har sai ruwa ya daina fita. Da Cessna ta dawo da ƙera 172 a ƙarshen shekarun 1990, wuraren tatsa 13 ta sa masa. Tsohon jirginka wataƙila uku gare shi, wani ma ɗaya tak. Ruwan bai canja hali ba, wuraren kama shi ne suka yi kaɗan.

Ka yi amfani da kwalba mai haske, mai tsabta, busasshiya. Fara da tankunan fiffike kafin ka sauka ƙasan inji, domin in ka fara da ƙasa, kai da kanka kake jawo ruwan tanki cikin bututu. Tura bawul sosai ka bar mai ya fito da ƙarfi. Ɗan ɗigo biyu ba ya ɗauko komai. Sannan ka ɗaga kwalbar a haske, da farar takarda ko farin jikin jirgi a bayanta.

Man jirgi da aka fi samu yau, 100LL, shuɗi ne mai haske. Tsohon man da waɗannan injuna suka saba sha, mai lamba 80, ja ne, mai lamba 100 na da kuma kore. Ruwa yana bayyana kamar ƙwayoyin duwatsun wuya masu sheƙi suna birgima a gindin kwalba, ko kuma layi sarai tsakanin shuɗi a sama da fari a ƙasa. Juya kwalbar a hankali mai ya yi zagaye, datti zai taru a tsakiya ka gan shi. In man ya yi hazo-hazo, ruwa ne a warwatse cikinsa bai kwanta ba tukuna.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne kwalbar da ruwa ne zalla. Babu layi, babu ƙwaya, garau take, ga kuma warin mai a jikinta. Mai sauri zai ce lafiya. Shi ya sa launi yake da muhimmanci: in ba ka ga shuɗi ba, ka tsaya. Ɗiga ruwa kaɗan a ciki. In ɗigon ya nitse ya zauna shi kaɗai, abin da ke kwalbar mai ne. In ya ɓace, to duk ruwa ne. Shafa a yatsa ma yana nunawa, domin mai yana bushewa nan da nan ya bar sanyi, ruwa kuwa yana zama.

Sai man jiragen jet, wanda ɗan'uwan kananzir ne. In aka yi kuskure aka zuba shi ya gauraya da naka, launin zai iya zama shuɗi har yanzu, amma inji zai lalace daidai lokacin da aka ba shi cikakkiyar wuta. Ɗiga kaɗan a farar takarda ka jira. Man jirgi mai farfela yana tashi ba ya barin tabo, kananzir yana barin da'irar maiƙo, yana kuma da santsi a yatsa.

Dattin ma yana magana, ga mai son ji. Jan gari tsatsa ce, ko daga tsohon tankin ƙarfe ko daga gangar da aka ɗebo mai. Baƙaƙen ɓarɓashi tiyo ne ko roba ke ruɓewa daga ciki. Wani abu kamar ɓawo mai laushi kuwa, sau da yawa maganin liƙe yoyo ne da aka taɓa shafa wa cikin tanki shekaru da suka wuce, ya fara saɓulewa. Wannan na ƙarshe yana iya rufe bakin bututu gaba ɗaya, kuma aikin injiniya ne, ba na tatsa ba.

Mataki na biyar: kofin tace mai

A ƙasan bangon da ya raba inji da matuƙi akwai ɗan kofi, na ƙarfe ko na gilashi, da rariya a cikinsa. Ana kiransa gaskoleta. Shi ne wuri mafi ƙasa a hanyar mai, kuma a jirage da yawa masu tanki a hanci, shi kaɗai ne wurin tatsa. Kofin ƙarami ne, in ya cika da ruwa, ragowar ruwan sai ya wuce zuwa kafireta.

Tatsa shi fiye da cikin kofi ɗaya, domin kana son man da ke cikin dogon bututu ya fita, na tanki ya iso. In jirgi yana da tanki biyu da bawul na zaɓa, tatsa yana kan hagu, ka koma ka juya shi dama, ka sake. Wasu jiragen suna da abin ja daga sama wanda ke zubar da man a ƙasa ba tare da ka gani ba. Wannan rabin aiki ne. Sa kwalba a ƙarƙashi, ko ka sa wani ya riƙe maka.

Bayan kowace tatsa, tsaya ka ga bawul ya rufe ya bushe. Akwai irin da ake turawa a murɗa ya maƙale a buɗe. In bawul ɗin mai na ciki a rufe yake, ba za ka ga yoyo ba sai ka buɗe shi kana zaune a kujera, inda idonka ba ya kai wa. Ƙwayar yashi ɗaya a kan robar bawul ta isa ta sa shi ɗiga. Tura shi ka saki sau biyu ko uku, yawanci sai ya zauna. Girgiza kofin da hannu ka ji bai yi lako-lako ba, ka ga wayar da ta ɗaure shi tana nan. Shuɗin tabo a ko'ina a jikin jirgi alamar yoyo ce, ko da wurin a bushe yake yanzu.

A wuri mai tsananin sanyi, in ka tura bawul bai ba da komai ba, kada ka ɗauka babu ruwa. Mai yiwuwa ruwan ne ya daskare ya toshe shi. A shigar da jirgi inda yake da ɗumi ƙanƙarar ta narke, a tatse.

In ka sami ruwa

Ci gaba da tatsa har kwalba ta fito tsaf. Kama bakin fiffike ka girgiza a hankali, jira 'yan mintoci, ka sake bin dukkan bawuloli daga farko. Ka yi ta maimaitawa har sai girgiza ta daina kawo komai. Ɗigo ɗaya ko biyu bayan dogon zama ba abin mamaki ba ne. Amma in ruwa ya kai ya cika gaskoleta, ka ɗauka ya shiga kafireta, wadda take da nata abin toshewa a ƙasa da injiniya zai kwance ya zubar, ya mayar ya ɗaure da waya. Kuma a nemo ta inda ruwan ya shigo kafin jirgi ya sake kwana a waje.

Man da ka tatsa kada ka watsa shi ƙasa. Akwai dalma a cikin 100LL, guba ce ga mutum da ruwan ƙasa, don haka ka rage taɓa shi da fata. Akwai kwalabe masu rariya da ke riƙe ruwa su bar mai mai kyau ya koma tanki, in babu, a zuba a mazubin da aka tanada.

Wasu masu tsofaffin jirage suna da takardar izinin amfani da man mota. Izinin bai haɗa da man da aka gauraya da etanol (wani nau'in barasa) ba, domin etanol yana shan ruwa ya ɓoye shi, yana cin roba, yana kuma narkar da abin da aka shafe tsohon fulot da shi. Gwajinsa mai sauƙi ne: zuba ruwa kashi 1 a siririyar kwalba ka yi alama a inda ya tsaya, ƙara mai kashi 9, girgiza, ka bari ya kwanta. In ruwan ya haura alamar, akwai etanol. Mai zubawa daga jarka kuma ya haɗa jirgi da mazurari da jarka da waya zuwa ƙasa, saboda tartsatsin da gogayyar mai ke haifarwa. Jirgin da aka lulluɓe da yadi da fenti ba ya ɗaukar lokaci wajen ƙonewa.

Ragowar zagaye

Bi jirgin ta hanya ɗaya kullum don kada ka tsallake wani wuri. Danna yadin da yatsa a hankali, ka nemi yagewa ko tattara, musamman kusa da wutsiya inda danshi ke taruwa ya ci bututun ƙarfe. Motsa kowane abin sarrafawa ka kalli wayoyi da fil-fil ɗinsu. Dubi igiyoyin robar ƙafafu, da sarƙoƙin tayar wutsiya. Auna baƙin mai. Leƙa ƙarƙashin murfin inji, tsuntsu yana gina sheƙa a tsakanin silinda cikin safiya ɗaya. Farfelar katako tana kumbura tana motsewa da sauyin danshi, don haka ka nemi tsagewa, ka duba ko akwai baƙin gari a gindinta, alamar kusoshi sun saki.

Tada inji da gwajin ƙarshe

Yawancin jirage masu A-65 ba su da sitata, da hannu ake juya farfela. Wannan ba a koyonsa daga rubutu, sai a gaban wanda ya iya. Waigi a tayoyi, wutsiya a ɗaure, wanda ya san jirgin a kan birki, kuma mai juyawa shi ke ba da umarni, na ciki yana maimaitawa da ƙarfi. In ka yi amfani da ɗan famfon da ke fesa mai kafin tadawa, mayar da shi ka kulle, in ba haka ba inji zai riƙa zuƙar mai ta nan yana tari.

Ka yi tafiyar ƙasa da gwajin inji a kan tankin da za ka tashi da shi. Kada ka sauya tanki a bakin titi, domin in sabon yana da matsala, ba za ta bayyana ba sai kana sama. Gwada maganeto ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ya yi gargada, sau da yawa dalma ce ta taru a fulogi, tunda ta 100LL ta ninka ta tsohon man nan mai lamba 80 wajen sau huɗu. Ja abin ɗumama kafireta ka ga juyin inji ya ɗan sauka. Ƙananan injunan Continental suna saurin yin ƙanƙara a maƙogwaron kafireta in akwai danshi, ko da rana tana da ɗumi. In juyin ya sauka sannan ya hau fiye da inda yake da, ƙanƙara ce ta narke, sai ka ƙara barin ɗumin kafin ka mayar.

Kafin ka saki birki, sa hannu ka taɓa bawul ɗin mai ka ji ya kai ƙarshen buɗewarsa, ka kuma yanke a ranka inda za ka sa jirgin a gabanka in inji ya ɗauke kafin ka yi nisa. Da ka tura totur, kalli agogon juyin inji. In bai kai adadin da ya saba ba, ko ya yi tari ko sau ɗaya, ja totur baya ka tsaya a kan titi, ka koma ka ɗauko kwalbar.